Ɗan Gilashin Mashigin Lolo

…a'a, ba zan kira ba. Na ce ba zan kira ba, Hajjo ta ji da kunnenta, ta ɗauki wayarta ta koma cikin gida tana gunaguni. Yayata ce, tana da ikon gunaguni, ta je ta yi ta yi. Ni Ɗanmaliki, da nake buɗe cikin rediyo tun ba a san wata aba wai ita wayar hannu a garin Lolo ba, ni ne yau ɗan gilashin da bai kai faɗin kwalin ashana ba zai sa in nemi agaji? Ga shi nan a kan tebur, baƙi ƙirin, sabo fil. Ma'azu mai fatauci ya kawo min shi daga tsallaken iyaka a aljihun rigarsa, ya ajiye, ya ce, "Ga shi nan, baba, awa wancan yake." Kamar wancan yake… haka kowa ke faɗi in ba shi zai jona ba.

Ruwa kuwa yana tasowa. Kwara ba ta jiran mai gyara. A mashigi, a kan dogon ƙarfen da muka kafa, akwatin nan ya kamata yana rataye yanzu, ba a kan teburina ba: idanu biyu a ƙasansa suna kallon ruwa suna auna shi, ɗan allon Arduino a cikinsa yana lissafi, gilashi a gabansa yana nuna lamba da kibiya. Kibiya sama, ruwa na ƙaruwa. Kibiya ƙasa, yana ja. Shi ke nan, ko wanda bai taɓa zama aji ba ya gane. Ruwan sama ya bi ta tsaga ya kashe tsohon gilashin, kuma shinkafar mutanen tunga tana gab da nuna. Su yanke yau, su kwashi rabi ɗanya. Su jira, ruwa ya zo da gudu, su tashi a tutar babu. Attahiru, babban masuntan mashigi, zai zo bayan la'asar ya ɗauki akwatin, na kuma ce masa a gaban jama'a zai same shi yana aiki. A gaban jama'a na faɗa. Bakina ne, ba na wani ba.

Na ji su ai. Suna tsammanin kunnen mai gyaran rediyo yana mutuwa? "Ɗiyar ce mai ilimin, uban dalma kaɗai ya sani." Dalma kaɗai! To, gaskiya ne, ke kika rubuta umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar nan, ban taɓa musu ba, ina ma alfahari da shi har ƙirjina ya yi min kaɗan. Amma wa ya narka dalmar? Wa ya lanƙwasa akwatin? Wa ya hau ƙarfe da tsufansa yana ɗaure sola, kwale-kwale na rawa a ƙasa? Ke kina Kaduna yanzu da mijinki Jabiru, kina aikinki a ofis mai sanyi, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ni ina nan da kwamfutar da kika bari, da tabarau mai ɗaure da zare, da… ke. Ji ni fa. Ke. A cikin kai kaɗai nake iya ce miki haka.

Wayoyin gilashin tukuna. Kullum wayoyi tukuna. Huɗu ne — mai kawo wuta, mai mayar da ita da muke ce wa ƙasa, da biyu na magana. Bari in duba, ba zan yarda da "kamar wancan" ba… Ahaf! Ka gani ko? A tsohon, ƙasa ce a farko, wuta na biye. A wannan, wuta ce a farko. Sun juya su. Da na soka shi yadda tsohon yake, da yanzu hayaƙi nake shaƙa, da Ma'azu ya sake hawa babur zuwa tsallake, da shinkafa ta gama nutsewa kafin ya dawo. Wannan ba a koyar da shi a kwamfuta, yatsa ne ke sani. "Wagga rediyo, duk wanda za ya taɓa ta, shi hwara duba ina wuta take, ina ƙasa." Haka nake gaya wa rediyo a da, kina ƙarama. Ita nake kallo, ita nake wa faɗa, da ƙarfi kuma, don a ji a bayan labule. Sai in ji motsi kaɗan, ƙarar mitar auna wuta ana murɗawa, na san an ji.

Ɗiyar fari ce, to yaya za a yi? Haka muka tarar. Uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya zama da shi su yi hira, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Kunya ce, kuma ba na jin haushinta, ubana haka ya yi da yayanmu har ya koma ga Allah. Shi ma ya zaɓa miki suna, shi ya raɗa wa liman, ni ina can bayan zaure ina ƙirga ƙasa da ido. Aka yaye ki aka ba Hajjo, kika zama ɗiyar Hajjo, haka nake ce miki har gobe. Sai ga ɗiyar Hajjo tana rarrafowa shago tana tsintar sukurori. A kore ta, ta dawo. A kai ta makaranta, a tashi, ta dawo. Lokacin nan shari'a ta shigo, gidajen kallo suka rufe, talabijin da bidiyon da nake gyara musu suka daina zuwa, na haƙura, addinina ne. Amma da kika fara tsawo sai aka turo min dattawa: ba ya kyautu budurwa tana zaune a shago maza na shiga da fita. Gaskiyarsu. Na ce to. Na je kasuwa ranar Lolo na sayo yadi mai kauri, na raba shagon biyu. Ba ta zaune cikin maza ai, tana bayan labule. Suka dubi labulen, suka dubi juna, suka tafi. Ni kuma ya zame min sauƙi ta wani wajen — ba na ganinki, balle kunya ta kama ni.

To, kwamfuta. Buɗe… ka buɗe mana, kai ma ka tsufa? Ga shi, ɗakin rubuta umarni, fari fat, da maɓallan nan biyu a sama, mai alamar daidai na dubawa, mai kibiya na turawa. Ba na mancewa. Da kika dawo daga karatu sai abin ya juya, kika zauna a bayan labulen nan kina magana da kwamfuta kamar mai aljanu. "Wanda duk za ya sa sabon gilashi, sai ya hwara neman laburarenshi." Ni ina wannan gefen, wai ina gyaran fitila, fitilar da tuni ta gyaru. "Laburare tahinta ne. Ƙwaƙwalwa na da harshenta, gilashi na da nashi, in babu tahinta sai su yi ta kallon juna." Tafinta. Na gane nan take, wanda ya tashi a Lolo ai ba a yi masa bayanin tafinta, kowace ranar kasuwa ga Badende ga Bafulatani ga mai Faransanci, wani na tsakiya yana juya magana. Wasu bayin Allah can wata duniya suka zauna suka rubuta tafintan, suka ajiye kyauta, kowa ya ɗauka. Kina faɗa, kina maimaitawa, a hankali, sau da yawa fiye da yadda kwamfuta ke buƙata. Kin san ina ji. Na san kin san ina ji. 

Kayan aiki… a sauka ƙasa… mai kula da laburare. Danna. Yanzu kuma sabis, ta wayata kwamfutar ke samunsa. Kai, wayar nan! Ta sake tsallakawa Benin. Ga saƙonsu nan na barka da zuwa, da Faransanci, ni da ban motsa daga kan kujerata ba. Kullum haka, mutum yana zaune a ƙasarsa wayarsa ta yi ƙaura ba sallama. Tashi, Ɗanmaliki. Ƙusar da ke jikin tagar gabas, can ne kaɗai take tuna cewa 'yar Nijeriya ce. Rataye ta… juya fuskarta wajen Bagudo… yawwa, ta dawo gida. Kada kowa ya wuce ta gaban tagar nan, ko akuya ce. Gwiwar nan tawa, tun hawan ƙarfen nan ba ta sake zama daidai ba.

Lambar tsohon gilashi ina riƙe da ita a ka: sha uku, sifiri, shida. Yatsa ɗaya nake bugawa da shi, to sai me? Yatsa ɗayan nan ya ciyar da gida. Ga su sun fito jere, laburare iri-iri, kowa na cewa shi ne. Wanda kika ɗauka mai dogon suna ne, ga shi. Girka. Tambaya kuma? Turanci… a hankali… yana cewa wannan ba ya aiki shi kaɗai, yana da ɗan'uwa mai zana layi da haruffa, in haɗo su duka? "In ya tambaye ka, ka ce duka, kada ka yi rowa." Duka. Kawo su duka. Ɗan koren layin ya fara tafiya, ya tsaya, ya matsa, ya tsaya… tafi mana, kada ka waiwaya yamma… Ya cika. An girka. Ni na girka laburare. Ina ma masu cewa dalma kaɗai suna leƙe ta taga, amma daga nesa, kada su tare min sabis.

Misalan da ke zuwa da laburaren, a nan kika ce a fara, kada a taɓa umarninki sai gilashi ya nuna yana raye. Buɗe misali. Danna kibiya. Jan rubutu. Ja wur, layi bisa layi, kamar an yanka kaza a ƙasan allon. Innalillahi… tsaya, kada ka firgita, tsoho. "Jan rubutu ba zagi ba ne, karanta na ƙarshe." Na ƙarshe… bai ga allon Arduino ba. Bai ga allon ba? Ga shi a gabanka, jone da kai da igiya! Oh. Ƙofa. Ban zaɓa masa ƙofar da zai bi ba. Kayan aiki, ƙofa, ga ta guda ɗaya tak —

"Ɗanmaliki, mi ka hana ka kiranta?" Hajjo ce kuma a bakin ƙofar cikin gida, da waya a hannu. "Ba kai za ka magana ba, ni ka yi. Kai dai hwaɗi, ni in hwaɗa mata."

"Yaya, matsa daga tagag ga."

Ta matsa, ta tafi, tana cewa taurin kaina na ubanmu ne. In faɗa mata ta faɗa miki! Hajjo da ke kiran Arduino "Ardo". Kafin maganar ta je Kaduna ta dawo an yi girbin baɗi. Ba ma wannan ba… in aka kira ki, za ki gyara shi cikin numfashi ɗaya, da ladabi, ta bakin Hajjo, kina cewa a gaya wa baba ba laifinsa ba ne. Ba na son a ce min ba laifina ba ne. So nake ya kama da hannuna.

Kibiya. Ƙananan fitilun allon suna ƙiftawa, yana karɓa, ya karɓa, an gama turawa. Gilashi? Baƙi. Ko ɗigo. Mita, zo nan. Wuta na isa, daidai wa daida. Wayoyin magana suna inda ya dace. To me ya hana ka? Kurma ne kai? …Lambar gida. "Kowane gilashi na da lambag gidanshi. In ka yi sallama ƙohwar maƙwabci, ba shi amsawa." Ina take… a saman misalin, ga ta, uku da harafin di. Ke kuma uku da si nake ji kina faɗa, har sau nawa, har na ɗauka wata addu'a ce. Goge di, sa si. Ai na yi gyaran da ya fi wannan haɗari, na sa hannu a bayan talabijin mai tara wutar da za ta jefar da ƙato. Tura.

Ya kama! Ya… a'a. Tsaya. Haske ne, amma ba rubutu, ba zane. Ɗige-ɗige fari da baƙi ko'ina, sai wani siririn layi a sama yana ɗan motsi. Yayyafi. Na san ka, kai. Shekara nawa ina kallonka a talabijin ɗin mutane, mai gida na tsaye a kaina yana cewa ta mutu, ni ina cewa wadda ta mutu ba ta yayyafi. Yana raye, yana jin ana masa magana, bai dai gane abin da ake cewa ba. Na kawo masa tafintan Dendi, shi kuwa Bafulatani ne. Kamar wancan yake, in ji Ma'azu. Ai kuwa tun da na riƙe shi na ji ya ɗan fi tsohon faɗi, na share. Juya shi. Ina madubin ƙara girma… a bayansa, can ƙasa kusa da ƙafafun, rubutu kamar sawun tururuwa. Sha ɗaya, sifiri, shida. Sha ɗaya! Ba sha uku ba. 'Yan gida ɗaya ne, harshe daban. Wannan ba ki taɓa faɗarsa a bayan labule ba, ba ki gamu da shi ba. Wannan nawa ne. Ni na gano shi, ni da yayyafin talabijin.

Koma wajen mai kula da laburare. Sha ɗaya, sifiri, shida. Ga wani ya ce yana jin harshen. Girka. Koren layi ya tashi, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya tsaya cak. Waya? Benin. Iska ta kaɗa ta ta juya. Wayyo gwiwata… juya, kalli gabas, don girman Allah ki zauna a ƙasarki na ɗan lokaci. Inuwar rumfar maƙwabci ta riga ta hau dakalina, la'asar ta kusa, can mashigi suna tsaye suna kallon ƙarfe babu akwati, mata sun wasa lauje suna jira a ce yanka ko bari. In bai sauko ba fa? In na fita na ce wa Attahiru ban iya ba? Wayar Hajjo na nan, taku kaɗan… Ranar da za a kai ki, mota ta tsaya a ƙofar gida, mata na guɗa, ni ina shago na kunna rediyo da ƙarfi. Kika shigo ta baya, na ji ƙamshin lalle, kika tsaya a bayan labule. Kika ajiye kwamfutar a ƙasa kika turo ta da hannu ta ƙarƙashin yadin, a hankali, har ta taɓa ƙafata. "Kwamfutag ga ta saba da shagon ga, ba ta son tahiya." Na ce wa rediyo, "Allah shi kiyaye hanya." Shi ke nan abin da na ce. Raina ya ɓaci ranar nan, ɓaci mai tsanani, ban kuma san da wa nake fushi ba. Layin ya motsa. Ya motsa! Tafi… tafi… ya cika.

Misalin sabon laburare. Lambar gida tukuna, yanzu na san halinsu, uku da si. Girman gilashi daidai. Tura. Ƙifta, ƙifta… Allahu akbar. Layuka. Farare tas, suna fita daga kusurwa kamar an buɗe tsintsiya. Da'ira. Akwati cikin akwati. Haruffa, ƙanana, sai manya. Tsaf, babu ɗigo ɗaya da ya kauce. Kai, kai, kai! Ɗanmaliki na Lolo! Dalma kaɗai, ko? Wuyana ya riƙe, bayana kamar an dake ni da taɓarya, amma dariya nake ni kaɗai a shago sai ka ce sabon mahaukaci. Kada Hajjo ta ji ta ɗauka na zare.

Saura naki. Umarnin ruwa. Ban taɓa buɗe shi da niyyar taɓawa ba, kallo kaɗai, kamar ɗakin suruka. Ga shi, layi-layi, a shirye kamar yadda kike jera sukurori tun kina ƙarama, manya gefe, ƙanana gefe. Ba zan ɓata miki ba. A sama inda kika kira tsohon tafinta, in sa sunan sabo. Inda kika gabatar da gilashi, in kwafo yadda misalin ya yi, harafi da harafi. Inda ake tashinsa da lambar gida. Launin rubutu ma sunansa ya canja, to, a canja. Duba. Jan rubutu — na ƙarshe — ɗigo da waƙafi na bari a ƙarshen layi, ɗan abin nan da kike cewa shi ke sa manya kuka. Sa shi. Duba. Fari. Babu ja ko ɗaya. Tura… Lamba! Ga lamba, ga kibiya. Ɗaga akwatin, idanun su kalli ƙasa. Sa tafin hannu a ƙarƙashinsu, hannuna ne ruwa yanzu. Ɗago shi a hankali — lamba na hawa, kibiya ta kalli sama. Sauke — ta juya ƙasa. Sama. Ƙasa. Yana aiki. Wallahi yana aiki. Mutanen tunga za su san abin da za su yi da shinkafarsu kafin rana ta faɗi, kuma daga teburin nan ya fito.

"Wanga gilashi, ashe sha ɗaya ne, ba sha uku ba. Duk wanda za ya —"

Da wa nake? Da ƙarfi na faɗa, na karkata kai wajen labule yadda na saba. Babu motsi. Buhunan tsofaffin rediyo ne a can yanzu, da kujerarki da ƙafa ɗaya ta karye. Wa zan gaya wa? Attahiru zai ga lamba ya ce madalla, ya ɗauka ya tafi, shi ruwa ne damuwarsa, kuma daidai ne. Masu cewa dalma kaɗai za su ce ai ta waya ɗiyar ta gyara masa. Su faɗa, yanzu na ga ba su ne suka dame ni ba. Hajjo za ta kira ki da daɗi a ranta ta ce, "Ya gyara." Kalma biyu. Ba za ta ce wayoyin a juye suke ba. Ba za ta ce lambar gida ba, ba za ta ce yayyafi ba. A duk faɗin ƙasar nan, daga Kurgu har Sharabi har tsallaken ruwa, mutum ɗaya ne zai ji "sha ɗaya ne ba sha uku ba" ya riƙe baki ya yi dariya, ya san abin da ya ci min. Mutum ɗaya, kuma ita ce ba na iya yi wa magana.

Ba a kira salla ba tukuna. Akwai ɗan sarari. Umarnin ruwa na ajiye, dannawa ɗaya ya koma. Bari in gwada wani abu, gwaji ne kawai… a misalin nan akwai inda suka rubuta gaisuwarsu ta Turanci tsakanin 'yan alamu biyu, duk abin da aka sa a wurin shi gilashi zai nuna. Goge tasu. Me zan sa? Lolo? Ɗanmaliki? Yatsan ya riga ya tafi. Mim ce farko, a allon makarantar malam haka za a fara, a nan kuma wannan mai ƙafa biyu da kwari a tsakiya. Sai a. Sai… kai, tsoho, me kake yi? Babu kowa ai. Ba faɗa nake ba, bakina a rufe yake. Ubana bai ce komai a kan yatsa ba. Ƙara girman haruffa. Tura. Ƙifta, ƙifta.

MASHKURA.

Ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe. Ashe haka yake. Ashe dogo ne. Na ji shi a bakin liman, a bakin malaman makaranta, a bakin Jabiru ranar da ya zo gaisuwa, kowa na ɗaukarsa yana ajiyewa kamar ba komai, ni ina kau da kai. Ga shi yau a kan teburina, da hasken da ni na kunna. Kunya ta kama ni har kunnuwana sun yi zafi, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Duk abin da kika gaya wa kwamfutar nan na ji, ɗiyata. Ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Abin da nake so ki sani ke nan, shi ya sa ban kira ba, shi ya sa… to in ban kira ba ta yaya za ki sani?

"Salamu alaikum. Ɗanmaliki! Mun iso hwa, ruwa ya taɓa gindin giginya. Abin ya tashi?"

Attahiru. Tun kafin salla. Inuwarsa ta rufe ƙofa, da wasu a bayansa. Tafin hannuna ya riga ya kife a kan gilashin, ban san lokacin da ya je ba, hasken na fita ta tsakanin yatsuna. Dannawa ɗaya ce ta rage, sai lamba ta dawo, kibiya ta dawo, sunan ya tafi kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Ga maɓallin nan. Ga ɗaya hannun a kansa. Danna mana, mutane na jira, shinkafa na jira…

"Ya tashi, Attahiru. Dakata nan waje… dakata kaɗan."